Ni Na Sauke Mata Hannu Ranar da Marubuciya Ta Zo

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don ni in na fara zance sai an taka mini birki. Abin da ke cina na kasa faɗa wa kowa sai maigidana, shi kuma cewa ya yi na ɗauki tsakuwa na mai da ita dutse. Wataƙila haka ne. Amma tsakuwar nan ta hana ni sakat, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta. Ina riƙe da aji shida, kuma ni ce mai kula da laburare. In na ce laburare kada ki hango wani babban zaure. Ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, rabinsa littattafai, rabinsa karyayyun benci da tsintsiyoyi da wata tsohuwar fanka da aka ce za a gyara tun kafin in zo. Mai makarantar yayar mijina ce. Ita ta ɗauke ni aiki lokacin da shagon maigidana ya durƙushe, ba ta sa na yi ta zarya ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. A gida Yaya nake ce mata, a gaban malamai in ce Shugaba. Na faɗi wannan ne tun yanzu don kada ki ji abin da zai biyo baya ki ɗauka muguwa ce.

A cikin wani kwalin littattafai da aka ba makaranta kyauta akwai wani littafin yara, labarin wata yarinya da babanta ya sayar da jakinsu, ita kuma ta sulale daga gida ta bi sawunsa gari zuwa gari. Kwafi ɗaya tak muke da shi, kuma tun da ya zo shafukan ƙarshe babu su. Labarin ya yanke ne daidai inda yarinyar ta isa ƙofar wata kasuwa ta ji kukan jaki daga ciki. Shi ke nan, sai zaren ɗinki da salatif. Na karanta wa 'yan ajina shi a zaman da muke yi duk ranar Alhamis bayan an tashi, da na zo wurin na rufe na ce to, nan ya ƙare. Gwaggo, kamar na watsa wa kaji tsaba. Ɗakin nan ya kaure, har mai gadi ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi.

Daga ranar littafin bai sake kwana a laburare ba. Wannan ya kai gida, gobe wancan ya karɓa. Ya sha miya, ya sha ruwan sama a jakar wani, ƙanwar wata ta zana masa kyanwa a tsakiya, bangon gaba ya fita na liƙa, ya sake fita na sake liƙawa. Yaran da da sai na yi kamar zan tashi aljanu kafin su buɗe littafi, su ne suka koma suna rigima a kan wa zai karɓa. Kowa kuma da ƙarshen da ya ƙirƙira. Wasu suka ce ta sami jakin ta hau abinta ta koma gida. Wasu suka ce ta same shi amma bai gane ta ba. Akwai wani ɗan ƙiriniya da ya rantse an riga an sayar wa mai tallan ruwa. Zan faɗa miki gaskiya, ban wani wahalar da kaina wajen neman cikakken kwafi ba, domin gardamar ce ke kawo su.

A cikinsu akwai wata yarinya da muke kira Lauya. 'Yar siririya ce, ba ta cika kwalliya ba, safarta kullum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, amma baki kamar reza. In ka ce mata biyu da biyu huɗu ne sai ta tambaye ka wa ya ce. Ita kaɗai ta kafe a kan cewa jakin da ke kuka a kasuwar nan ba nasu ba ne, yarinyar za ta shiga ta ga na wani ne, ta juya ta koma gida da ƙafa. 'Yan aji suka yi mata ca, wai ba ta da tausayi. Ta ce su ne ba sa karatu da ido buɗe, ai tun a babi na biyu an faɗa jakinsu ya daina kuka tun ranar da uwar yarinyar ta rasu. Haka aka shafe zango ana wannan shari'a, ba wanda ya sallama.

Sai ga labari cewa marubuciyar littafin da kanta za ta zo makarantarmu. Mai shagon littattafai na unguwarmu ne ya haɗa, don tana yawon tallata sabon littafinta. Yaya ta ce za a yi makon karatu gaba ɗaya, a rufe da zuwan baƙuwa. Kuma an yi abin a zo a gani, ba zan rage mata ba. Kowane aji ya yi wa ƙofarsa ado da zane, aka riƙa kaɗa ƙararrawa da hantsi kowa ya ajiye abin da yake yi ya ɗauki littafi, har mai shara da direban motar makaranta. 'Yan ƙananan aji suka yi shigar dabbobin da ke cikin labaransu, wani yaro ya zo a kunkuru da kwandon wanki ɗaure a baya, ya kasa zama a benci sai a ƙasa. Ni kuwa 'yan ajina suka shirya ɗan wasan kwaikwayo, za su nuna wa marubuciya ƙarshe iri-iri da suka ƙirƙira, sannan Lauya ta miƙe ta tambaye ta wanne ne daidai. Na yi musu alkawari da bakina. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai an yi tambayar nan.

Ana saura kwana kaɗan Yaya ta shigo ta ga muna gwaji. Ta tsaya ta kalla, sannan ta kira ni ofis. Ta ce na farko, wannan tsumman littafin ba zai fito gaban baƙi ba, za a ce makarantarta ta kasa sayen littafi. Na biyu, rashin kunya ne yara su tsaya gaban babbar mace suna gyara mata labarinta. Na uku, a makarantarta ba a barin yaro ya yi wa baƙo tambaya da ka. Haka tsarinta yake tun ranar da wani yaro ya tambayi wani baƙo me ya sa cikinsa ya yi girma haka, a gaban iyayen yara. Malamai ne ke rubuta tambayoyi a kati, a zaɓi yara masu tsafta da murya su haddace. Na buɗe baki zan yi bayani ta ce kwamitin iyaye za su zo, kuma ga sabuwar makarantar da aka buɗe a tsallaken titi tana kwashe mana yara, ba lokacin wasa ba ne. Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to.

Ban iya gaya wa yaran kai tsaye ba. Na ce musu an ɗage wasan saboda ƙarancin lokaci, amma tambaya tana nan, in an ba da dama. Na san ba za a bayar ba.

Da safiyar ranar mai shago ya kawo sababbin littattafai aka jera a kan tebur, har da 'yan kwafi na littafin jakin, sababbi fil, waɗanda ya ba mu aro don ado kawai, da sharaɗin kada yaro ya taɓa. Ni aka sa in jera. Da na ga ba kowa a kusa sai na buɗe ɗaya daga baya na karanta a tsaye kamar ɓarauniya. Gwaggo, Lauya ce ta yi daidai. Jakin ba nasu ba ne. Yarinyar ta koma gida da ƙafa, babanta ya tare ta a hanya ya goya ta. Na rufe littafin na mayar, na tafi na jera yara a layi. Namu tsohon kuwa, da aka ce in jefa a sito, yana cikin jakata, kuma a kan cinyata ya wuni.

Marubuciyar ta zo. Dattijuwa ce mai tabarau, da kanta ta riƙo jakarta, ta ƙi kujerar da aka lulluɓe mata da leshi ta zauna a bakin dandamali kusa da yara. Masu kati suka fito ɗaya bayan ɗaya. Me ya ja hankalinki ga rubutu. Wace shawara za ki ba yara masu tasowa. Ta amsa duka cikin ladabi, amma ko makaho ya san ta sha jin waɗannan. Can sai ta waiwaya ta ga littafin jakin a kan tebur, fuskarta ta washe. Ta ɗauko ɗaya ta ɗaga, ta ce wannan shi ne na farko da ta rubuta, shi ta fi so, ko akwai wanda ya karanta shi a nan?

Zauren ya yi tsit, don an ja wa yara kunne cewa wanda ba shi da kati kada a ji bakinsa. 'Yan ajina suna can baya, duk sun juyo suna kallona. Lauya tana gefena. Ta ɗaga hannu, ta fara miƙewa. Na hango Yaya daga babban tebur ta zuba mini ido. Ba ta yi magana ba, ba ta ko girgiza kai ba, kallo ne kawai. Ni kuma na kama hannun rigar yarinyar nan na janyo shi ƙasa, na danna kafaɗarta ta zauna, har da yi mata harara. Marubuciyar ba ta gani ba, masu tsayi sun tare. Ta ɗan jira, ta shafa bangon littafin da ko lanƙwasa babu, ta yi wani ɗan murmushi ta ce ba komai, tsohon labari ne, dama ta jima tana zargin yaran yanzu sun wuce shi. Ta ajiye. Aka yi tafi, aka yi hotuna, aka raka ta mota, mai shago ya kwashe kayansa. Kwamitin iyaye suka yi ta yaba tsari, Yaya har kyautar turmin zani ta yi mini.

Alhamis ta zagayo na share ɗakin ƙarƙashin bene na jira. Yara kaɗan suka zo, suka zauna kamar masu zaman makoki, ba wanda ya tambayi littafin. Alhamis ta gaba ni da fanka muka zauna. Lauya kuwa ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni, tana aikinta, makinta bai ragu ba. Amma ta daina musu. Kwanan baya da gangan na rubuta amsa ba daidai ba a allo don in ji ta bakinta, ta duba, na ga ta gane, ta sunkuyar da kai ta kwafe yadda na rubuta. Duk abin da na ce sai ta ce to Malama. Na shiga banɗakin malamai na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ban gaya mata ita ce ta yi daidai ba. Ta yaya zan fara? In na faɗa, na tona wa kaina asiri ke nan cewa na sani tun safiyar ranar, kuma da sanina na zaunar da ita. Ga shi wannan ne zangonsu na ƙarshe, suna gama jarrabawa kowa zai kama gabansa, ita ma na ji iyayenta za su kai ta makarantar kwana.

Na karɓi lambar marubuciyar a wurin mai shago. Zuciyata tana ce mini in kira ta in fayyace mata komai, katin da aron littattafan da duk abin da aka yi, don matar nan ta tafi da baƙin cikin da bai kamace ta ba. Maigidana ya ce in na kuskura na tozarta yayarsa a idon baƙuwa, to in san inda zan sa fuskata ranar da dangi suka taru, in bar kaza cikin gashinta. Wani lokaci kuma sai in ji gara in ajiye aikin gaba ɗaya, don wadda ta yi abin da na yi ba ta cancanci riƙe laburare ba. In kira ta ko kada in kira? In ajiye aikin? Na rasa inda zan sa kaina, Gwaggo.

Taki,
Malamar aji shida

*

'Yata malamar aji shida,

Na karanta wasiƙarki, kuma ba zan ce miki tsakuwa ba ce kamar yadda maigidanki ya ce. Kin yi alkawari kin saɓa, kin kuma hana yarinya abin da ta yi wa aiki da ƙwaƙwalwarta. Laifi ne. Amma ba irin wanda ake ajiye aiki a kansa ba ne, don haka ki cire wannan daga ranki tun yanzu. In kin tafi, wa ya ci riba? Za a kawo wadda za ta kulle ɗakin nan ta rataye makulli a wuya. Malamar da ta sa aji guda suka yi zango suna gardama a kan littafi ta san aikinta.

Yayar mijinki kuma kada ki ɗora mata fiye da nata. Mace ce mai riƙe da makaranta, da albashin mutane a wuyanta, ga kishiyar sana'a a tsallaken titi, kuma an taɓa kunyata ta a gaban iyaye. Kuskurenta shi ne ta ɗauki marubuciya kamar mai duba makarantu, wanda ake share masa ko'ina a ɓoye masa tsumma. Ba ta san cewa marubuci da ya ga littafinsa ya yage a hannun yara kamar mai girki ce da ta ga an suɗe tukunya ba. Rashin sani ne, kuma makarantu da yawa haka suke yi. Sai dai ke da bakinki kin ce ba ta yi magana ba, ba ta girgiza kai ba. Kallo ta yi. Hannun da ya janyo rigar yarinyar naki ne. Ban faɗi haka don in ƙara miki ciwo ba, sai don na lura rabin fushinki yana neman inda zai sauka, kuma ya hango Yaya.

Saboda haka amsata a kan kiran waya ita ce, kada ki kira a ɓoye, kuma kada ki kira don ki kai ƙara. Labarin kati da littattafan aro ba zai ƙara wa marubuciyar komai ba, zai rage miki nauyin zuciya na yini ɗaya ne, sannan ya bar ki da rigimar dangi ta shekaru. A nan maigidanki ya yi gaskiya. Inda bai yi gaskiya ba shi ne cewa a yi shiru. Dattijuwar nan tana da haƙƙin ta san an karanta littafinta har ya zama tsumma. Ki je wurin Yaya a gida, ba a ofis ba, lokacin da ta huta. Ki fara da naki laifin, cewa kin ce to alhali akwai magana a bakinki. Sannan ki gaya mata baƙuwar ta tafi tana zaton ba a karatu a makarantarku, ga shi kuwa kuna da ajin da ya kusa haddace littafinta, ki nemi izini yaran su aika mata da labaran da suka ƙirƙira, da sunan makaranta. Wannan abin alfaharinta ne, kuma mai neman ɗalibai ba za ta ƙi shi da sauƙi ba. In ta ƙi, ki sanar da ita cikin ladabi cewa za ki aika wa matar saƙon godiya a matsayinki na mai karatu, ba tare da kin ambaci abin da ya faru a zaure ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Na bi wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman inda kika zauna da yarinyar nan, ban gani ba. Kin yi magana da maigidanki, kin je wurin mai shago, kin rubuto mini, har tarko kin ɗana mata a allo. Ita kaɗai ce ba ki yi wa magana ba. Yaran nan ba don sun rasa marubuciya suka daina zuwa ba. Sun juyo sun kalle ki a ranar ne don ke ce tasu, suka ga abin da kika yi, kuma har yau ba ki ce musu komai a kai ba. Su a wurinsu shirunki yana nufin kina ganin daidai kika yi.

Ki kira ta ita kaɗai. Ki gaya mata kin yi alkawari kin karya, kin ji tsoro, kuma ba ita ta yi laifi da ta ɗaga hannu ba. Kada ki sako sunan Shugaba, kada ki ce amma. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Bayan nan ki maimaita a gaban aji, tunda a gabansu aka yi. Ki gaya mata kuma kin san ƙarshen labarin tun safiyar ranar, don in ta gano daga baya da kanta, kin sake karya wani abin. Amma kada ki riƙe ƙarshen nan kamar alawar lallashi. Ki nemi afuwa tukuna. Sai daga baya ki sayi cikakken kwafi ki sa mata a hannu, ta karanta da idonta, ta tsaya gaban waɗanda suka ce ba ta da tausayi ta karanta musu. Wannan nasararta ce, ba kyautarki ba.

Ba zan yi miki alkawarin za ta koma kamar da ba. Mai yiwuwa ta saurare ki ta yi godiya ta tafi, ba ki sake jin musunta ba har a rabu. In haka ta faru ki haƙura, kin biya abin da za ki iya biya. Amma yarinya mai irin wannan kai, in ta bar hannunki da darasin cewa mai gaskiya zaunar da shi ake yi, za ta daɗe tana zaune a wuraren da ya kamata ta miƙe.

Don haka ki sake jera lamuranki. Yaya taki ce, kuna tare har tsufa. Marubuciya tana nan, lambarta ba za ta gudu daga wayarki ba. Yarinyar ce za ta tafi. Gobe da safe, kafin ki ɗauki alli, ki fara da ita.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran yarinyar nan, ya bar zumunci tsakaninki da yayar mijinki.

Gwaggonki